Daren Biki A Azare Da Katagum: Yadda Ake Fama Kada Wuta Ta Mutu

Duk wanda ya san sha'anin aure a ƙasar Hausa ya san cewa ɗaurin aure aikin rana ne, amma biki kansa yawancinsa aikin dare ne. Da hantsi, ko bayan an sauko daga Juma'a, maza kan taru a ƙofar gida ko a masallaci, a ɗaura aure, a shafa fatiha, a raba goro, kowa ya kama gabansa. Sauran hidimomi kuwa, watau wasan 'yan mata da kai amarya da sayen baki, da kuma walimar nan ta zamani da ake kira dina, sai rana ta faɗi ake shiga cikinsu. Saboda haka tun kafin a ƙirga buhunan shinkafa, akwai wata tambaya da ke jiran uwar biki da abokan ango: da wane haske za a ga juna, kuma wa zai tsare shi kada ya mutu kafin taro ya watse?

Mai karatu zai iya ɗaukar wannan ƙaramar magana ce. To, sai ya tuna abin da kan faru idan wuri ya yi duhu ana tsakiyar liƙi. Kiɗa ya tsaya, yara su sa ihu, mata su dafe jakunkunansu, domin dare rigar mugu ne, kuɗin da aka zuba wa amarya a ƙasa kuwa ba lalle ne a same su cif ba idan haske ya dawo. Bayan an kwana biyu za a manta irin naman da aka ci, amma ba za a manta cewa a bikin gidan wane aka zauna cikin duhu ba. Gori irin wannan yakan daɗe a bakin dangi.

A Azare da garuruwan da ke kewaye da ita, watau ƙasar da ake yi wa laƙabi da Guddiri, matsalar tana da nata launi. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai rairayi, babu manyan duwatsun da za su tare iska a yawancin sassanta. Bukukuwa sun fi yawa bayan kaka, sa'ad da manomi ya ga kuɗin amfaninsa, da kuma 'yan makonnin da ke gaban azumi da bayan salla. Kaka kuwa ita ce ƙofar hunturu, lokacin da rana ke faɗuwa tun wajen ƙarfe 6, iska mai ƙura ta taso daga arewa maso gabas, ta bushe kome har ya zama abincin wuta. Watau dai lokacin da aka fi bukatar fitila shi ne lokacin da ta fi wuyar riƙo, kuma ta fi haɗari.

Daga Farin Wata Zuwa Fitilar Ƙwai

Tsohon birnin Katagum, wanda Malam Zaki, ɗaya daga cikin masu tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa a farkon ƙarni na 19 a bakin kogin Jama'are, shi ne mazaunin sarauta har zuwa 1916, sa'ad da aka mai da fadar Azare. A wancan zamani babbar fitilar taro ita ce wata. Daren goma sha uku zuwa sha biyar, dandali kan yi fari fat, mai kalangu ya ga masu rawa, masu rawa su ga juna, ba a kashe ko anini ba. Idan kuwa biki ya faɗo a duhun wata, sai a hura wuta a gefen fili, a riƙa ƙara kara, masu rakiya kuma su riƙe jiniya, watau damin ciyawa ko kara da aka kunna wa wuta a baki. Yaran yanzu idan sun ji an ce jiniya, kukan motar gwamna ke faɗo musu a rai.

A cikin ɗaki kuma akwai fitilar kasko. Ɗan kasko ne na yumɓu ko na ƙarfe, a zuba man gyaɗa ko man kaɗanya, a murza auduga a yi lagwani, a jingina shi a baki. Ƙasar Katagum ƙasar gyaɗa ce da auduga, saboda haka mai da lagwani duka daga gona suke fitowa. Haskenta kaɗan ne, kuma ko numfashi mai ƙarfi yana iya kashe ta, sai dai tana da wata fa'ida da magadanta ba su da ita: man gyaɗa ba ya kamawa da wuta farat ɗaya, in kaskon ya kife sau da yawa mutuwa fitilar take yi.

Zuwan kananzir ya sake al'amarin. Da farko ya haifi aci-balbal, gwangwanin da maƙeran farin ƙarfe ke huda wa murfi su zura lagwani, wadda har yau takan leƙo a teburin wasu masu tsire da masu shayi. Sunanta ya faɗi halinta. Tana ci bal-bal, iska ba ta kashe ta da sauƙi saboda girman harshenta, amma hayaƙinta yakan baƙanta hanci da farar riga, ga shi ba a kusantar da ita ga danni ko zana. Daga baya fitilar ƙwai ta shigo ta hannun kamfanonin Turawa, ta zama abin da ba a raba kayan ɗakin amarya da shi. Dabarar da ke cikinta ta cancanci a tsaya a duba, domin ita ce amsar da aka fara ba iska, tun wajen 1868 da aka ƙago irinta a Amurka. Ƙwan gilashi yana kare harshen wuta, sa'an nan waɗannan bututu biyu da ke gefe, waɗanda mutane da yawa ke zaton ginshiƙai ne kawai, su ne ke kai wa wutar iska ta ƙasa a hankali, gwargwadon bukatarta. Ko guguwa ta taso, abin da ke isa ga lagwani bai wuce ƙima ba. Irin ta Jamus mai suna Feuerhand, wadda tankinta bai wuce sulusin lita ba, takan kai awa ashirin da cikawa guda. Aikin da take nema shi ne a goge ƙwan da toka ko tsumma tun da rana, a datse bakin lagwani ya daidaita, kada kuma a ɗaga shi ya wuce kima, in ba haka ba ta yi hayaƙi ƙwan ya yi baƙi, ko ya tsage.

Amma fitilar ƙwai ta ɗaki ce. A fili, ko an jera goma, hasken bai wuce a gane fuskar na kusa ba. Sarauniyar filin biki a shekarun da suka gabaci lantarki ita ce fitilar nan mai famfo, irin su Tilley ta Ingila da Petromax ta Jamus. Ita ba lagwani gare ta ba. Ana dumama bututunta da sifirit, a buga famfo, iska ta tura kananzir ya hau ya zama tururi, ya ƙone cikin wata 'yar riga ta zare mai sinadari wadda ke yin fari ƙal. Babbar Petromax tana ba da hasken da ya kai na kyandir 500, tana shan lita guda cikin awa takwas ko kusa da haka. Ba kowane gida ke da ita ba, shi ya sa akan aro ko a yi haya, a rataye ta a reshen dalbejiya ko a kan dogon sanda. Kuma ba a barinta ita kaɗai. Dole a sami wanda zai tsaya a kanta, ya ƙara famfo idan haske ya fara ja, ya tsokane ƙofar man da 'yar allura idan ta toshe, ya kuma tsare rigar, domin da zarar ta ƙone sau ɗaya ta zama kamar toka, ɗan girgiza ko faɗowar ƙwaro ɗaya ya isa ya fasa ta. Wanda ya san aiki ba ya zuwa biki sai da rigar canji a aljihu.

Wannan mai tsaron fitila shi ne darasin da zamanin ya bari, ko da yake ba a cika tunawa da shi ba. Yana ganin rawa daga nesa, abinci ma sai an tuna da shi, amma muddin yana nan wuri ba ya duhu.

Lantarki Da Abokin Tafiyarsa

An kafa hukumar NEPA a 1972, aka sake mata suna a 2005, sa'an nan a 2013 aka sayar da sashen rarraba wuta ga 'yan kasuwa, Jihar Bauchi ta faɗa ƙarƙashin kamfanin da ke da mazauni a Jos. Duk da haka bakin jama'a bai saki tsohon sunan ba, kuma babu mai hankalin da zai shirya biki ya dogara da wutar layi kaɗai. A watan Oktoba na 2024, sa'ad da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, jihohi da yawa, har da Bauchi, sun shafe fiye da mako guda cikin duhu. Waɗanda suka riga suka raba katin gayyata a lokacin ba su da zaɓi sai janareto.

Janareto kuwa ba ya aiki da fatar baki. Kafin 29 ga Mayu, 2023, ranar da aka ba da sanarwar janye tallafin man fetur, lita ba ta kai naira 200 ba a farashin hukuma. Cikin 'yan kwanaki ta kai wajen 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000. Kananzir ma, wanda a da ake kira man talaka, ya wuce naira 1,000 tun a 2023, abin da ya ƙarasa tura fitilar ƙwai ƙarƙashin gado. Har ila yau injin yana da nasa hali: mai ya ƙare ana tsakiyar yanka kek, ko a ɗora masa lasifika da fankoki da fitilun mai ɗaukar hoto fiye da ƙarfinsa ya shaƙe. Kuskure mafi muni shi ne a ɗura masa fetur yana aiki, ko yana da zafi, don gudun kada wuri ya yi duhu na minti biyar.

Kyandir Ya Hau Tebur

Abin mamaki, a daidai wannan zamani ne kyandir ya sami girman da bai taɓa samu ba. A da, kyandir alamar an ɗauke wuta ne. Ɗalibi ke liƙa shi a kan gwangwanin madara ya yi karatun jarrabawa, kuma babu wanda zai kunna shi gaban baƙo yana alfahari. Yau kuwa Azare gari ne na ma'aikata da ɗalibai, ga Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh, ga jami'ar kimiyyar lafiya ta tarayya da aka kafa a 2021, ga jami'ar jiha a Gadau ba nisa, ga kuma wayar hannu da ke nuna wa kowace budurwa yadda aka ƙawata zauren biki a Abuja ko Dubai. Sai dina ta zama wani rukuni na biki ga masu hali da masu son a ce suna da hali. Masu ƙawata wuri kan shimfiɗa kyallaye a tebur, su dasa furanni a tsakiya, su kewaye su da kyandirori, a rage hasken lantarki da gangan domin wutar ta fito a hoto. Abin da kakanni suka sha wahala suna gudu, watau dishi-dishi, shi jikoki ke biya a kawo musu.

Ba laifi ba ne, kyan abin ma ba ya ɓoyuwa. Amma an aro adon ne daga ƙasashen sanyi, inda zaure ke rufe, iska ba ta motsi, kuma ake fara walima a kan lokaci. Ko ɗaya cikin ukun nan bai tabbata a Azare ba. Shi ya sa sau da yawa baƙo kan shiga zaure ya tarar rabin kyandirorin sun mutu, wasu sun karkace kamar lauje, wasu sun tsiyaye a kan kyallen haya.

Domin a gane dalili, sai a san yadda kyandir ke ci. Wani masanin kimiyya na Ingila, Michael Faraday, ya yi laccoci sukutum a kan wannan abu guda, aka buga su littafi a 1861. Taƙaitawar bayanin ita ce, ba lagwani ne abincin wutar ba, kuma ba daskararren kaki ba ne. Zafin harshen wuta yana narka kakin da ke ƙarƙashinsa ya zama ɗan tafki, iskar da ke tasowa ta gefe tana sanyaya bakin kyandir ya zama kamar bango mai riƙe tafkin, lagwani yana tsotso narkakken kakin zuwa sama kamar yadda tsumma ke tsotson ruwa, a can ya zama tururi, tururin nan shi ke ƙonewa. Muddin wutar tana tsaye sak, bangon yana nan, kome na tafiya daidai. Da zarar iska ta kwantar da harshen gefe ɗaya, sai ya cinye bangon wannan gefe, kakin ya ɓalle ya zuba, lagwani ya yi tsawo, wutar ta ƙara girma, kyandir ya ƙare a rabin lokacinsa. In iskar ta fi haka ƙarfi, sai ta raba harshen da tururin da ke ciyar da shi, ya mutu nan take.

Ashe ke nan babban abokin gāban kyandir a zauren biki ba hunturu ne kaɗai ba. Fankar sama ce, da fankar tsaye da ake juyawa ga manyan baƙi, da na'urar sanyaya ɗaki, da ƙofar da ake buɗewa ana rufewa, har da mafici da kaɗawar babbar riga. Ba kuwa za a kashe fanka a watan Afrilu don a faranta wa kyandir ba, lokacin da zafin Azare kan haura digiri 40. Magani shi ne a koma ga dabarar fitilar ƙwai: kowane kyandir a sa shi cikin gilashin da ya ɗara harshen wutar tsawo da kamar yatsu uku. Sai dai kada gilashin ya cika tsawo da ƙunci, domin wuta tana bukatar sabuwar iska ta shigo yayin da mai zafi ke fita. In hanyar ta matse sai su yi karo, wutar ta riƙa rawa tana hayaƙi, daga bisani ta shaƙe. A zuba rairayi mai tsabta a gindin gilashin, abin da ba a saye da kuɗi a ƙasar Katagum, ya riƙe kyandir ya tsaya, ya ƙara wa gilashin nauyi kada a ture shi, ya kuma shanye abin da ya ɗiga. Wasu kan zaɓi gajeren kyandir mai iyo a kan ruwa cikin kwanon gilashi, wanda in an yi tuntuɓe da tebur ruwan da kansa yake kashe wutar.

Sa'an nan akwai lissafin lokaci, wanda a nan ne aka fi faɗuwa. Ƙaramin kyandir ɗin nan mai zama cikin 'yar kwalbar gorar-ruwa yana cin awa huɗu ne ko kusa da haka. Dogon siriri mai kyau yana cin kamar inci guda a awa idan babu iska. Kakkaura mai faɗin inci uku yana iya kai kwana da kwanaki ana kunnawa ana kashewa. To, katin gayyata ya ce ƙarfe 7, mai ado yana so ya ɗauki hoton aikinsa kafin mutane su ɓata shi, sai ya kunna kome tun ana kiran magariba. Amarya kuwa tana wurin mai kwalliya, ba za ta shigo ba sai 9 ta gota. Idan aka zo yanka kek wajen ƙarfe goma da rabi, ƙananan kyandirorin sun cika awoyinsu huɗu, sai su riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya a daidai lokacin da aka saye su dominsa. Nan kyandir bai yi laifi ba. Kamata ya yi a kunna tebur ɗaya don hoto a kashe, a bar sauran sai an ji motar amarya ta taso, kuma a sayi wanda awoyinsa suka ninka tsawon zaman da ake zato. Hanyar sanin gaskiyar awoyin ba karanta kwali ba ce. A ɗauki guda a kunna shi a gida, ƙarƙashin fanka, mako guda kafin biki, a duba agogo. Araha dai ba ta ado.

Sauran ƙananan abubuwa ba su da wuya. A datse lagwani ya rage kamar milimita 6 kafin a kunna, domin dogo yana hayaƙi, wanda ya cika gajarta kuma kaki ke nutsar da shi. A taɓa kunna kowane sabon kyandir na ɗan lokaci tun da rana a kashe, don ya kama da sauri da dare. Kada a cusa su kusa da juna, a bar aƙalla faɗin tafin hannu, in ba haka ba zafin wannan ya narka wancan. Kakin kyandir na kasuwa daga ɗanyen man fetur ake samunsa, wani yana fara laushi tun zafi bai kai digiri 50 ba, saboda haka kwalin da ya wuni a bayan mota a rana ya riga ya lalace kafin a buɗe shi. A ƙarshe, a mai da tsohon mai tsaron fitila bakin aikinsa: yaro ɗaya mai hankali ga kowane tebur biyar ko shida, da ashana da kyandir na canji, ba shi da wani aiki sai wannan.

Wuta Ba Ta San Biki Ba

Duk abin da aka faɗa a sama maganar ado ce. Akwai wadda ta fi ta nauyi. Harshen kyandir, duk ƙanƙantarsa, zafinsa ya kai digiri 1,000, kuma a kan teburin dina kewaye yake da abincinsa: furen roba, da takardar goge hannu, da kyallen tebur, da labulen da aka lulluɓe rufi da bango da shi. Ga mayafi da gyale da bakin hannun leshi da ke wucewa ta kansa duk sa'ad da aka miƙa hannu ɗaukar lemo. Yawancin yadin zamani na roba ne, wanda idan ya kama ba ƙonewa kawai yake yi ba, narkewa yake ya manne da fata. Turaren fesawa da ake feshe amarya da shi yana ɗauke da iskar gas mai kamawa. Takardun kuɗin da ake watsawa sama ma ba su zaɓen inda za su sauka.

A ranar 26 ga Satumba, 2023, a garin Hamdaniya na ƙasar Iraƙi, an kunna wasan wuta cikin zauren biki ango da amarya suna rawa, tartsatsi ya kama adon rufi, cikin 'yan mintoci ginin ya rufta da wuta, fiye da mutum 100 suka rasu. Ba kyandir ne ya haddasa ba, amma sauran sharuɗɗan duk sanannu ne ga wanda ya saba shiga zaurukan biki a ƙasar nan: rufi mai kamawa, cunkoso, da ƙarancin ƙofar fita. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mutanen Azare kuwa ba su bukatar a ba su labarin gudun wuta, domin a watan Yuni na 2018 gobara ta ci babbar kasuwar garin, har Shugaba Muhammadu Buhari ya zo jihar jaje.

Lalle ne mai zaure da mai biki su tabbatar ƙofofi duka a buɗe suke, ba a sa wa ta baya kwaɗo don tsoron 'yan cin arziki ba. A ajiye tukunyar kashe gobara da bokitin rairayi inda hannu zai kai. Kakin da ya kama wuta cikin mazubi ba a watsa masa ruwa, fantsama yake yi. Rufe shi ake yi da faranti. Wanda tufarsa ta kama kada ya ruga, a kwantar da shi a lulluɓe da bargo ko darduma. Ƙuna kuma ruwan sanyi mai tsabta ake zuba mata na kamar minti ashirin, sa'an nan a nufi asibiti, ban da man goge baki da ɗanyen ƙwai da bakin mai da akan shafa da sunan taimako.

A ƙauyuka, inda har yanzu akan sami mai kunna fitilar kananzir, haɗarin yana cikin galan. Kananzir na gaskiya ba ya tururin da zai kama sai ya ɗumama zuwa wajen digiri 38, alhali fetur yana kamawa ko cikin tsananin sanyi. Idan aka gauraya su, fitila ta zama bam. Irin wannan gurɓataccen kananzir ya hallaka mutane da yawa a Jihar Edo a 2001. Kada a ɗura wa fitila mai tana ci, kome gaggawa. Haka kuma ƙaramin janareton da abokan ango kan shigo da shi soro ko baranda don tsoron ɓarayi, hayaƙinsa yana ɗauke da guba marar launi marar wari, wadda ke kashe mai barci ba tare da ya farka ba. Wurinsa waje ne, nesa da taga. Game da wutar da ke cikin ɗaki kuwa, malamai sun daɗe suna karantar da umarnin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa a kashe fitila idan za a kwanta, domin ɓera yana iya jan lagwani ya ƙone gida.

Akwai kuma hanyar da ta raba gardama, ko da yake masu son ado na asali kan yamutsa fuska. Farin ƙwan nan na zamani mai cin wuta kaɗan, wanda binciken wasu masana uku 'yan asalin Japan ya share wa hanya har aka ba su kyautar Nobel a 2014, ya haifi kyandir na batir mai kwaikwayon rawar harshen wuta. Fanka ba ta kashe shi, ba ya ɗiga, yaro zai iya ɗaukarsa ya sa a aljihu, wanda shi ne ma babbar asarar da masu haya ke yi da shi. Daga nesa, cikin gilashi mai duhu-duhu, ba kowa ke bambance shi da na gaske ba. Abin da ya fi dacewa da zauren da ya cika da mata da yara shi ne a sa na batir a teburan jama'a, a bar na wuta guda biyu ko uku a gaban ango da amarya, inda ido ke kai kuma hannu ba ya yawan kaiwa.

Shi wannan ƙwan ne kuma ya sake daren biki a inda ba a san dina ba. A ƙauyukan Gamawa da Shira da Itas, da unguwannin tsohon birnin Katagum, fitila mai caji da hasken rana ta maye gurbin fitilar ƙwai a kayan ɗaki, masu rakiyar amarya kuma kowacce da tocilar wayarta a hannu. Ita ma tana da nata sharaɗi. Sai an fitar da farantinta rana tun da safe, ranar da gida ya rikice kowa na ta kansa, kuma a kwanakin da hazo ya rufe sama ba ta ƙoshi kamar yadda ta saba. Ƙurar hunturu tana kwanta wa farantin kafin azahar, sai an sami wanda zai riƙa goge shi. Gidan da ya san haka yakan haɗa fitila biyu ko uku daga maƙwabta tun ana jibi biki, a cika su, a ɓoye ɗaya a ɗakin amarya kada 'yan cajin waya su zuƙe ta kafin a kawo ta.